Masaukin Baƙuwa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Yayata ta riga ni komawa. Ta cika da hantsi a ɗakinta da ke Sabon Gari, nan Wudil, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Kafin la'asar mun kai ta makwancinta.

Na zauna a kan tabarma a ƙofar gida ina karɓar gaisuwa, domin ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka sha nono ɗaya da ita. Kowa ya zo da guntun abin da ya tuna. Limamin unguwa ya ce bai taɓa jin an kawo ƙararta ba sai a kan abu ɗaya, shi ma da aka bi diddigi ita ce da gaskiya. Wani mahauci daga kasuwar kara, wanda ban ma san ya san ta ba, ya durƙusa ya ce, "Baba, Allah ya ji ƙan Inna. Ita kaɗai ce a garin nan in ka yanka akuyarta za ka buɗe tumbi ba fargaba." Mutane suka yi dariya, suka ji kunyar dariyar, suka bi ta da salati. Daga cikin gida kuma ina jiyo muryar wata tsohuwar ƙawarta tana cewa, "Yanzu wa zai tare mu a hanya ya ce mu koma mu ɗauki abin da muka yar?"

Surukarta, matar babban ɗanta, ba ta yi kuka ba lokacin wanka, ba ta yi ba lokacin da aka fita da makara. Sai da yamma. An yi ta raba wa masu gaisuwa ruwan leda tun azahar, kowa ya sha ya yar a gindin tabarma. Ta leƙo ta zaure, ta ga ƙofar gida ta yi fari fat, sai ta dafe bango ta fashe da kuka. "Ko kwana ba ta yi ba," in ji ta, "ga baƙuwa har ƙofar gida."

Baƙin da suka zo daga nesa suka ɗauka wata mata take nufi, har wasu na waiwaye. Mu 'yan gida mun san abin da take faɗa. Saboda wannan kalmar nake rubutun nan, kada ta bi mai ita kabari.

Akwai abu biyu da na gani a ranar da suka tsaya mini a rai. Na farko a maƙabarta. Babban ɗanta yana cikin waɗanda suka shiga rami don karɓar ta. Sun kwantar da ita, ana shirin jera tukwane, sai na ga ya tsaya yana kallon bangon kabarin. Wata baƙar leda ce ta leƙo daga cikin ƙasa, daidai inda kanta yake. Wannan ɓangaren maƙabartar gona ce a da. Ya sa yatsu ya zaro ta a hankali, ya dunƙule, ya cusa a aljihu.

Na biyu a ƙofar gida. Cikin masu gaisuwa akwai direban tipa, mutumin kirki, wanda yake kawo wa manoma sharar birni su zuba a gona a madadin taki. Ya yi addu'a, ya miƙe, sai ya sunkuya kusa da ɗan Yaya ya ce ƙasa-ƙasa, "Malam, in an natsu, bana har ta yamman ma sai a zuba." Ta yamman da yake nufi gonar Yaya ce a Achika, wadda ta gada daga mahaifinmu. A duk wannan yankin ita kaɗai ce tipa ba ta taɓa shiga ba. Mai hana ta shiga kuwa ga shi mun baro ta ƙarƙashin ƙasa.

Muna yara a Achika ba mu san shara tana zama damuwa ba. Toka, kashin awaki, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, tsumman da ya gama aiki, fasasshiyar ƙwarya, duk juji suke tafiya. Kafin ruwa ya sauka a cika mangala, jaki ya kai gona. Da tudun juji ake gane gidan wadata. Na yi shekaru ina yawon fatauci, na zauna a Kumasi, na zauna a Injamena da Khartum, na daɗe a Jidda, na tsinci harsuna a hanya kamar yadda riga take tsintar ƙarangiya. A Larabci kalmar shara, zibala, daga kalmar taki ta fito. Su ma ke nan kakanninsu ba su raba abin da ake sharewa da abin da gona take ci ba. Haka duniya take kafin a ƙirƙiro abin da ƙasa ba ta iya ci.

Yaya ba ta taɓa wuce Kano ba. Amma wata dawowa da na yi, na tarar ta raba bayan gidanta uku. Na ce, "Yaya, kasuwa kika buɗe?"

Ta ce, "Auta, zauna ka ga ilimi, ba sai ka hau jirgi ba."

Har na yi furfura, har haƙorana suka zube, Auta take kira na.

Ta nuna mini tudun farko. "Wannan 'yar gida ce. Daga ƙasa ta fito, ƙasa za ta koma, ta dawo mana a tuwo." Ta nuna wani tsohon buhu mai ƙarafa da gwangwanaye da fasassun robobi da tsofaffin silifa. "Wannan 'yar kasuwa ce. Tana da masu zuwa nemanta, 'yan gwangwan su ɗauka su ba ni kwano." Sannan ta taɓa wani kwando mai murfi da ƙafa, kamar mai taɓa abin da zai iya cizo. "Wannan kuwa baƙuwa ce. Ba ta da dangi a ƙasa, ba ta da mai nema a kasuwa."

Na buɗe. Ledar cefane, ledar ruwa, takardar biskit mai ƙyalli, mataccen batir, fasasshen gilas, kwalin ƙwayar magani, ƙunzugun jarirai na zamani.

Ta ce, "An ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. To wannan baƙuwar ta zo ta ƙwace wa kaba sarauta. Ni zan tafi, kai za ka tafi, tana nan."

Ba da ka ta san haka ba, sai da ta gwada. Da farko ƙonawa take yi kamar kowa. Akwai wani tsoho maƙwabcinta mai ciwon ƙirji, katanga ɗaya ta raba su. Wata rana ta cinna wa tarin leda wuta, iska ta juya, ta yi ta jin tarinsa har ya kasa amsa sallama. Ta ɗebo ruwa ta kashe wutar, ba ta sake ba. Cewa take yi, "Wuta ba ta kashe baƙuwa, raba ta take yi, kowa ya samu rabonsa ta hanci." Ko hura murhu da leda, wanda mata suke yi in itace ya jiƙe, ta haramta a gidanta. Alala a gwangwani take yi, ko a ganye. In an ce mata a zuba a kwata ruwan sama ya tafi da ita kogi, sai ta ce, "Kogi ba ya ci, aike yake yi. Je ka tambayi masunta abin da koma take fitowa da shi."

Sai ta koma ga rami. A bayan gidan akwai tsohon ramin da aka haƙi ƙasar gini, busasshe, ƙasarsa jar laka mai tauri, kuma yana nesa da rijiya. Shi ta sa wa suna masauki. In kwando ya cika, ta juye a ciki, ta tattake, ta rufe da ƙasa, ta ɗora ƙaya don awaki. Gilas da batir da allura ba ta zuba su haka nan. Tana ajiye tsohuwar tukunya, in ta cika ta liƙe bakinta da laka, ta binne ta a tsaye. Ta kewaye wurin da bini-da-zugu, ta kuma gaya wa duk wanda ke da kunne a gidan: ba a haƙa rijiya a nan, ba a shuka abin miya a nan, ko bayan ranta.

Wata rana muna cin gyaɗa a tsakar gida ta ce, "Kai da ka ga duniya, su can yaya suke yi da tasu?"

Na gaya mata abin da na gani. A Jidda manyan motoci suke zuwa su kwashe, gari ya wayi tas, amma in ka bi motar za ka ga bayan gari take kaiwa a binne. A wata tashar jiragen ruwa na ga gini mai dogon bututu inda ake ƙonawa, tokar kuma a nemi inda za a binne ta. A wasu biranen tudu ake yi da ita a unguwar waɗanda ba su da bakin magana. Na ce, "Ko'ina dai abu uku ne, Yaya. A binne, a ƙone, ko a kai wa wani."

Ta tsaya da ɓarar gyaɗa. "Har Turawa?"

"Har su."

"Su da suka haife ta, su ma ba su kashe ta ba?"

"Ba su kashe ta ba."

Ta yi dariya har da tafi. "Alhamdu lillahi! Ashe ba ni kaɗai ta kayar ba." Can kuma ta ce, "Ni ma ai ban ce na kashe ta ba. Ɗaure ta na yi wuri ɗaya, na san inda take. Abin tsoro shi ne wadda ba ka san inda ta kwana ba."

Daga nan ta rage shigo da baƙuwa gida. Kwano take ba wa jikoki in za su sayo ƙosai, kwalba in za su sayo mai. Jikokin suka sa mata suna Sarkin Tsafta. In sun ga ta taho sai su ce, "Ɓoye ledarku, ga duba-gari!" Ita kuma ta ce, "Ku tsaya nan, miyagun mazaje, yau sai na ci ku tara." Surukarta ta sha wuya a farkon zuwanta. Ta taso a gidan da shara shara ce, tsintsiya ɗaya, kwando ɗaya. Yaya takan zauna a bakin juji da sanda tana tona abin da aka zubar, in ta ga leda ta ɗaga ta sama a bakin sandar kamar tuta, ba ta ce uffan ba, har sai mai ita ta zo ta karɓa. Surukar ta taɓa ce mini, "Kawu, wallahi gara ta zage ni." Amma ita ce ta riƙe ta a jinya, kuma ita ce ta yi kukan da na faɗa.

Akwai alherin da ta yi wanda maza ba su sani ba sai a zaman makokin nan. Matan aure masu jego a unguwar suna shan wahala da ƙunzugun zamani. Ba sa son ƙonawa, don an ce yana sa wa jariri ƙuraje. In sun jefa a bola karnuka su jawo shi tsakiyar hanya, kowa ya san daga gidan da ya fito. Ga kuma nasu na al'ada, wanda ba a so ko miji ya gani. Yaya takan zaga da safe da kwandonta mai murfi, kamar mai zuwa barka. Ta yi sallama, ta ɗauki jariri ta yi masa wasa, in za ta fita ta ce, "'Yata, kawo baƙuwarki, ina da masauki." Ba ta taɓa faɗa wa kowa abin da ta ɗauko daga gidan wani ba. Mata da yawa sun zo gaisuwa da goyo, wasu da 'ya'yan da suka girma, kowacce da wannan maganar a bakinta.

Rigimarta ɗaya a duniya da babban ɗanta ce, kuma ni ne na sha ta.

Yaya mutuniyar da ce. Ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. Kakarsa ce ta raine shi. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye, sai dai in ya gaishe ta ta amsa tana kallon gefe. In zancensa ya kama ta ce "wancan". Na ga uwaye a ƙasashe da yawa, masu rungumar ɗa a bainar jama'a, masu kiran sunansa daga wannan titi zuwa wancan. Ban ga inda ake ɓoye so a yi masa rumbu kamar wurinmu ba. To in uwa ba ta magana da ɗa, kuma ga faɗa ya kama, dole a nemi ɗan aike. Lokacin na riga na ajiye tafiye-tafiye na dawo gida, sai aikin ya faɗo kaina.

Gonakin biyu a Achika suna jere, don auren zumunci aka yi mata, gandu ɗaya ne aka raba. Ta gabas ɗan ya gada daga mahaifinsa, ta yamma tata ce, amma shi yake noma duka biyun. Ranar da labari ya zo mata cewa an ga tipa ta juye sharar birni a ta gabas, ta sa aka kira ni. Na tarar da ita a kan tabarma, ɗan kuma yana tsugune a bakin rumfa, tsakaninsu bai fi a miƙa hannu a karɓi goro ba.

Ta ce, "Auta, tambayi wancan, tipar da aka gani a Achika ta wace ce?"

Na juya. Kafin in buɗe baki ya ce, "Kawu, ka ce wa Inna taki ne. Kowa shi yake zubawa yanzu."

"Ka ce masa in kowa ya faɗa kogi, shi ma sai ya naɗe wando."

"Kawu, ka duba bakin da nake ciyarwa. Takin zamani ya fi ƙarfina. Jujin gidan nan ko kusurwa ɗaya ba ya rufewa. In ban zuba ba, me zan girba?"

Na ce, "Yaya, yana cewa..."

"Na ji abin da ya ce, ni ba kurma ba ce. Kai dai kai nawa. Kuma ka kai shi da gishirinsa, na san halinka, kada ka sirka."

Na ce, "To, faɗi."

"Ka ce masa abin da ke cikin motar nan rabi abinci ne, rabi baƙuwa. Abincin zai ƙare bana, baƙuwar ta zauna. Ta gabas tasa ce, ya zuba abin da ya ga dama. Ta yamma kuwa, muddin ina numfashi, jaki ne zai kai mata abinci."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Kawu, ka ce mata na ji."

Ba zan zalunce shi ba, yana da hujja. A shekarar dawarsa ta yi kyan da ba a taɓa gani ba, ta Yaya kuwa ta yi daidai gwargwado. Da aka kawo amfanin gona gida ta fito ta duba, ta ce, "Auta, ka ce wa wancan na ga dawa. Allah ya sa albarka." Ta ci tuwonta kuma kamar kowa.

Shekaru suka yi tafiya. Ta gabas ta fara sauya kama. Da rani in ka hango ta sai ka ce an shanya tsummoki, leda baƙa da fara tana kaɗawa a jikin kowane kara. Garma ta shiga sarƙewa. In an yi ruwa ya kwanta a sama ya ƙi shiga. Masu noma suka daina shiga ba takalmi saboda gilas. Sai kuma sansa na huɗa, wanda yake ji da shi, ya fara ramewa alhali yana ci, cikinsa ya kumbura, har aka yanka shi don kada ya mutu mushe. Mahaucin da ya zo gaisuwa shi ya buɗe cikin. Ya ce abin da ya fitar dunƙule yake kamar tulu, leda ce zalla ta murɗe da igiya.

Na ɗauka ranar Yaya za ta aike ni da "ai na faɗa". Ta kira ni kuwa. Tana da wani ɗan sa da take kiwo a bayan gida, wanda ta raina tun yana maraƙi, ba ya cin komai sai abin da hannunta ya tsince. Ta ce, "Ka gaya wa wancan, san nan ya dame ni da ci. Ya zo ya ɗauke mini shi in huta."

Na kai saƙon yadda yake, ban sirka ba. Ya juya mini baya ya daɗe yana gyaran hula.

Duk da haka bai daina karɓar tipa ba. Ƙasar ta riga ta saba, in ba a zuba ba ba ta bayarwa. Ya dai riƙa sa a tsince abin da za a iya tsincewa. Kuma na sani, don ya gaya mini, yana ganin ta yamma tana ba da ƙasa da abin da za ta iya. Iyali sun ƙaru. Yakan ce, "Kawu, in da Inna za ta yarda, shekara ɗaya kawai." Ni kuma in ce wannan saƙon ya fi ƙarfin ƙafata.

A bara masauki ya cika. Ramin da muke gani ba zai taɓa cika ba ya zo daidai da ƙasa, har ya yi ɗan tudu. Yaya ta sa aka yi masa rufin ƙarshe da laka, ta tsaya a kai da sandarta. Gari ya matso, ko'ina an yi gini, babu wani rami kusa wanda ba ya tara ruwa. Ta shiga tara baƙuwa a buhuna tana jinginawa a bango, buhunan suna ƙaruwa, ƙarfinta yana raguwa. Ta san in babu masauki, wata rana wani zai gaji ya juye buhunan a juji, jaki kuma ya kwashi duka ya kai ta yamma. Ba sai tipa ta zo ba.

Tana kwance a jinyar ƙarshe, ɗan yana zaune a bakin ƙofa kamar kullum, ta yafito ni. Na kai kunne ina jiran wasiyya irin ta masu tafiya. Ta ce, "Ka gaya wa wancan, masauki ya cika."

Ya ce, "Kawu, ka ce mata na ji."

Shi ne saƙo na ƙarshe da na ɗauka tsakaninsu. Lokacin ana tsakiyar girbi, bai samu sukuni ba, ita kuma ba ta jira ba.

Bayan an tashi daga zaman makoki, baƙi sun watse, ɗan Yaya ya zo mini da sassafe a kan babur. Ya gaishe ni ya ce, "Kawu, in ba ka gaji ba, ka raka ni Achika." Na hau. Ina ta tunanin tipa, ina shirya abin da zan faɗa in na tarar an riga an juye, ina kuma sane da cewa ba ni da iko. Gona ta zama ta magada, shi ne babba.

Muka wuce ta yamma. Tana nan yadda take, kara a tsaye, ƙasa ja wur, ko ƙyallin leda babu. Bai tsaya ba sai a can ƙarshen ta gabas, a kan wani tudu mai laka inda shuka ba ta taɓa yin kirki ba, nesa da rijiyar makiyaya. A nan na ga rami sabo, mai zurfi, an gyara bakinsa da kyau. An riga an kafa 'yan sandunan bini-da-zugu a kewaye. A gefe ga amalanke cike da buhunan da Yaya ta bari, da wasu sababbi. Ya ce matarsa ce da matan unguwa suka tsince ledar ruwan makoki, ɗaya bayan ɗaya, har cikin kwata.

Na ga tafin hannunsa duk ya yi kanta ya fashe. Na ce, "Ba ka sa an taya ka ba?"

Ya ce, "Ni na kawo baƙuwa nan, Kawu. In za ta sauka, ta sauka a wurina."

"Direban tipa fa?"

"Ya dawo jiya. Na ce masa ta gabas sai a hankali, ban san yadda zan yi ba tukuna. Ta yamma kuwa, jaki ne zai kai mata abinci."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da baƙar ledar nan ta maƙabarta, har yanzu da jar ƙasa a jikinta. Ya sauka cikin ramin ya ajiye ta a ƙasa, ya ɗora mata dunƙulen laka don kada iska ta ɗauke. Ya fito yana karkaɗe hannu, ya juyo gare ni kamar yadda ya saba tun yana saurayi.

"Kawu, ka gaya mata na..."

Sai ya tsaya. Ya kalli ramin, ya kalle ni, shi da furfura a gemunsa.

Na ce, "Faɗi. Ka san ni ba na sirkawa."

Ya ce, "Ka gaya mata na haƙa."

Na ce masa wannan saƙon ba na yau ba ne, amma ya bar shi a wurina. Cikin mu biyu ni na fi kusa da hanya, kuma ban taɓa ɓatar mata da aike ba.

Allah ya ji ƙan Yaya, ya yafe mata, ya yalwata mata makwanci, ya saka mata da sirrin da ta rufa wa mata da hayaƙin da ta ɗauke wa maƙwabci. Ta yi rayuwarta tana tsare ƙasa daga abin da ba ta iya ci. Yanzu ƙasa ta karɓe ta, kuma ba baƙuwa ta karɓa ba, 'yar gida ce ta dawo.